Saniyar da Gwadabe Bai Gani Ba

Duk wanda ya zauna Ƙofar Guga a 'yan shekarun da suka biyo bayan komawar soja bariki a 1979 ya san Malam Gwadabe, ko da bai taɓa magana da shi ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke cika butocin masallacin bakin titi, yana rungumar bokiti da wuyan hannu saboda yatsunsa sun ƙandare, sun manne da juna kamar an ɗinke su. A gabansa ana ce masa Malam Gwadabe. A bayan idonsa kuwa Na-Saniya ake ce masa, kuma ya san ana faɗa. Yawancin masu kiran sunan ba su san inda ya samo asali ba, waɗanda suka sani ma rabin labarin suka sani.

Ɗan baduku ne, a cikin unguwar aka haife shi, amma hannunsa bai karɓi basilla ba. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji ya zuba masa ido. Yana da shekara ashirin da bakwai wani kamfanin auduga ya ɗebi leburori su share ɗan fili a gefen hanyar Jibiya, mil uku daga ƙofar gari, inda ƙaramin jirgin manyan kamfanin zai riƙa sauka. Gwadabe na cikin waɗanda suka tumɓuke kututturan sabara, suka zuba marmara, suka daddaɓe. Da aka gama aka sallami kowa, aka bar shi shi kaɗai ya kula da wurin. Daga baya kamfanin auduga ya tattara nasa ya nasa ya tafi, wani kamfanin feshin tsuntsaye ya gaji filin, ya gaji rumfar kwano da gangunan mai, ya haɗa da Gwadabe.

A takarda sunan aikinsa lebura ne kawai, amma shi bai ɗauke shi ƙaramin abu ba. Kullum bayan sallar asuba zai hau kekensa ya fita ta ƙofar gari, ya jingine shi a rumfa, ya taka filin da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, idonsa a ƙasa. Ramin gara ya cike, ramin ɓera ya daddaɓe, dutse ko ƙusa ya tsince. Shi ke ɗinke jan ƙyallen nan mai kama da ƙafar wando da ake ratayewa a kan dogon ƙarfe don matuƙi ya ga inda iska ta dosa, kuma nan kaɗai dukancin gidansu ya yi masa rana. Shi ke tace mai kafin a ɗura, shi ke zare katakon da ake tokare tayoyi da shi. Amma abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne maganar dabbobi. Filin ba shi da shinge sai wata tsohuwar waya da ta ruɓe tun zamanin Turawa, ga burtali nan kusa. Gwadabe ya san kowane makiyayi da ke bi ta wurin da sunansa da sunan ubansa, ya sha nono a rugagensu, ya je sunan 'ya'yansu. Ranar da jirgi zai tashi, tun hantsi yake binsu ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu. Shekara ashirin da biyu, ko akuya ba ta taɓa gilmawa gaban jirgi ba. Yakan faɗi wannan a dakalin ƙofar gida sau da yawa, har matarsa Sabuwa in ta jiyo daga ciki takan ce da 'ya'yansu, "To, babanku ya buɗe karatun akuya."

Bai taɓa hawa jirgi ba. An sha yi masa tayi, sai ya girgiza kai ya ce shi na ƙasa ne, a bar sama ga masu ita.

Cikin matuƙan da suka wuce ta hannunsa, Turawa da baƙaƙe, babu wanda ya shiga ransa kamar Bulus. Mutumin kudancin Kaduna ne, gajere mai faɗin ƙirji, ya koyi tuƙi a Zariya, ya zo Katsina da matarsa Asabe da 'ya'ya biyu shekara biyar kafin abin ya faru. Sauran matuƙa kan sauko daga mota su wuce jirgi kai tsaye, shi kuwa sai ya biya rumfa ya rusuna ya gaida Gwadabe, sa'an nan ya ce, "Baba, yaya iskarka yau?" Ba wasa yake yi ba. Ya lura dattijon ya san iskar filin nan kamar yadda ya san tafin hannunsa: wacce ke kwantawa da la'asar, wacce ke juyawa ba sallama in hadari ya haɗu a gabas. In Sabuwa ta aiko da dambu, tare suke sa hannu a kwano ɗaya. Da sallah Asabe kan zo Ƙofar Guga da yaranta su ci tuwo, da Kirsimeti kuma a aiko wa Sabuwa da shinkafa da cincin.

Ranar Alhamis ce, mako na biyu bayan rantsar da sabuwar gwamnati. Tsuntsayen jan-baki sun sauka a kan dawar fadamun wajen Jibiya, manoma suna ta kuka, kuma da faɗuwar rana ake fesa musu magani in sun taru a makwancinsu. An yi ruwa mai ƙarfi daren Laraba, irin na ban kwanan damina. Da safe Gwadabe ya taka filin ya ga wajen tsakiya ya yi laushi, ya zuba tsakuwa ya daddaɓe iyakar ƙarfinsa, ya kuma faɗa wa Bulus. Bayan la'asar suka ɗura mai, suka cika tankin magani da ke bayan kujeru, inda a da kujerun fasinja suke kafin a cire su. Bulus na zagaya jirgi yana dube-dubensa sai ga motoci uku sun shigo.

A ta gaba akwai Babaji, manajan kamfanin, da wani ƙaton mutum cikin babbar riga mai aiki. Gwadabe ya san shi, kowa ma ya san shi: Alhaji Dabo ne, tsohon dillalin hatsi wanda ya ci kujerar majalisa a zaɓen da aka gama. A bayansa wani siririn mutum mai suna Sani yana rataye da kyamara.

Bayan an gaisa manaja ya ce, "Kyaftin, Alhaji zai bi ka ya ga yadda ake aikin. Ga mai hoto ma, sai ya zauna a baya."

Bulus ya ce, "Bayan ina, Manaja? Tanki ne a baya, kuma a cike yake."

"Ai ba shi da nauyi, ya ɗare kan tankin."

"Ba zai yiwu ba. Mai a cike, magani a cike, fili ya sha ruwa. In Alhaji na son ya ga gonaki, gobe da safe sai in ɗauke shi ba magani."

Alhaji Dabo ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Gobe ina Kaduna, yaro. Ni ba yawon shan iska ya kawo ni ba. So nike mutanen Jibiya su ga wanda ya kawo masu feshin da idonsu. Soja sun koma bariki, yanzu jama'a ke da ƙasa, mu kuwa mu ne jama'a."

Waɗanda suka rako shi suka ce, "Haka yake, ranka ya daɗe."

Manaja ya ja Bulus gefe, kusa da gangunan mai inda Gwadabe ke naɗe tiyo, don haka duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa. Manaja ya ce kwangilar feshin baɗi a hannun kwamitin mutumin nan take, kuma da shi da Bulus da dattijon nan duk a tafin hannunsa suke. Bulus ya ce to a rage rabin maganin. Manaja ya dubi rana ya ce kafin a rage tsuntsaye sun kwanta duhu ya yi, kuma ba za a mayar da Alhaji gida da kunya ba. Bulus ya sake cewa ba zai yiwu ba. Sai manaja ya sassauta murya ya ce, "Akwai yara uku a Zariya da takardarsu a hannu suna jiran kujerar nan taka. Ka yi tunani."

Bulus ya juya ya nufi jirgi.

Aka cusa Sani a kan tanki, gwiwoyinsa a haɓa. Aka tura Alhaji ciki, aka tattara masa rigarsa, aka ɗaure masa bel da ƙyar. Gwadabe ya matso tagar matuƙi ya ce, "Kyaftin, iskar ga ba ta yi mani ba. Dubi gabas."

Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, jan ƙyallen nan yana miƙewa yana faɗuwa, yana nuna gicciyen fili.

Bulus ya ce, "Na gani, Baba."

"To?"

"To, zare katako."

Ya zare. Ya koma bakin fili ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya duba gabas da yamma kamar kullum. Babu komai a kan filin nan, ko kaza babu.

Akwai wata tsamiya a gefen fili wadda in jirgi ya zo daidai da ita tayoyinsa ke barin ƙasa. Ran nan jirgin ya wuce tsamiya yana gudu a ƙasa. Da ya shiga wurin da ya yi laushi taɓo ya yi tsalle ta ko'ina, gudun ya ragu, injin na kuka kamar zai tsage. Gwadabe ya ji bakinsa na cewa, "Tsaya, tsaya," amma wa zai ji shi? Saura kaɗan fili ya ƙare Bulus ya ɗaga shi. Ya tashi kamar tsawon bishiyar kuka, hancinsa a sama, yana layi kamar mai jin jiri. Daidai nan iskar hadarin ta iso. Fiffiken hagu ya nutse, ya caki ƙasa, jirgin ya wuntsila ya faɗa cikin gonar dawa da ke ƙarshen fili.

Gwadabe bai san lokacin da ya hau keke ba. Kafin ya isa hayaƙi ya turnuƙe, warin magani na shaƙe mutum tun daga nesa. Sani na kwance can cikin kunyoyin gonar, ƙofa ta ɓalle ta cillo shi, ƙafarsa a karye. Jirgin na kwance a kan gefensa, wuta ta kama wajen inji tana cin gaba. Alhaji Dabo na rataye da bel yana salati da ihu a haɗe. Bulus na ƙarƙashinsa, jini a fuska, ƙafafunsa sun maƙale cikin ƙarafa.

Hannun Bulus Gwadabe ya fara kamawa. Bulus ya ce, "Ciro shi tukuna, Baba, shi ya tare hanya."

Ya zaro wuƙar da yake yanka igiya da ita ya datse bel, ya rungumi mutumin ya jawo shi waje, gefen rigarsa na ci da wuta, ya birgima shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya koma. Ƙarfen da ya danne Bulus ya yi zafi har fenti na tafasa a kansa. Gwadabe ya kama shi da hannu biyu ya ja. Ya ji fatarsa na mannewa, ya saki, ya sake kamawa. Bulus na ce masa ya ja baya, shi kuwa yana ce masa ya yi shiru. Manoma biyu da ke kusa suka iso da fartanya suka zura ƙota suka banƙare ƙarfen, su uku suka jawo shi. Mutanen motoci ukun nan suna tsaye can nesa, sai da wuta ta lafa suka matso suka ɗauki Alhajinsu. A bayan a-kori-kura ta kamfani aka sa Bulus da Gwadabe da Sani. Ba su kai ƙofar gari ba Bulus ya cika, kansa a kan cinyar Gwadabe, ruwan sama na dukansu.

Mako bakwai Gwadabe ya yi a asibiti. A rana ta uku, zazzaɓi na cinsa, manaja ya zo da wasu mutum biyu da takarda. Ya karanta ta da Turanci da sauri, ya ce bayanin haɗari ne wanda dole a cike kafin kamfani ya ɗauki nauyin magani, tun da kuma hannun Gwadabe ba ya dangwaluwa, ya isa ya ce ya yarda a gaban shaidu. Gwadabe ya ce ya yarda.

Daga bakin wani maƙwabci da ya zo dubiya ya ji sauran. Mutumin ya zauna bakin gado ya ce, "Sai haƙuri, Malam Gwadabe. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dabba ce, ba ta da hankali, kowa na iya yin sakaci sau ɗaya."

Gwadabe ya ce, "Wace dabba?"

"Saniyar mana. Ai har a rediyo an hwaɗa."

Labarin da gari ya sani shi ne, jirgi na cikin gudu saniya ta shigo fili, matuƙi ya yi ƙoƙarin kauce mata ya ɗaga jirgin kafin lokaci. Mutum biyu ne a ciki, matuƙi da ɗan majalisa. Mai kula da fili ya amsa da bakinsa cewa ya shiga rumfa bai ga shigowarta ba. Masu bincike sun zo daga Legas sun kwana biyu, an nuna musu takarda, an nuna musu ruɓaɓɓiyar waya, har da kashin shanu a tsakiyar fili. Ɗaya daga cikin manoman da suka taimaka ya faɗa wa Sabuwa daga baya cewa da idonsa ya ga direban manaja ya kawo kashin cikin daro. Ta ce ya zo ya faɗa a gaban mutane, ya ce shi talaka ne, gonarsa ma aro ce. Sani mai hoto kuwa tun a mako na farko aka ɗauke shi zuwa wajen wani mai ɗori a garinsu, bai sake dawowa Katsina ba.

Ranar da aka sallame shi daga asibiti ya tarar da takardar sallama daga aiki tana jiransa a gida. Kashegari Sabuwa ta sa masa riga, ta ɗaura masa hula, domin yanzu ko maɓalli ba ya iya sawa, ya tafi ofishin kamfani. Manaja ya rufe ƙofa ya ba shi kujera.

Gwadabe ya ce, "Manaja, kai kana tsaye. Ka ga saniya?"

Manaja ya shafa fuska ya ce, "Malam Gwadabe, bari in faɗa maka yadda abin yake. In babu saniya, to laifin wa? Takarda za ta ce matuƙi ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfin jirgi, ya ɗora mutum a kan tanki, ya tashi cikin iska. Ni ba ni na riƙe sitiyari ba, Alhaji ma ba shi ya riƙe ba. Sunan Bulus za a rubuta. Matarsa ba za ta ga komai na haƙƙinsa ba, 'ya'yansa su tashi ana cewa ubansu ganganci ya kashe shi. Ko saniya, ko Bulus. Kai dattijo ne, me ya rage maka a aikin nan?"

"Sunana ya rage mani."

"Suna ba ya cika tukunya," in ji manaja, ya miƙe ya buɗe masa ƙofa.

A lokacin gidan Alhaji Dabo ya zama kasuwa. An yi saukar Alƙur'ani, an yanka sa biyu, maroƙa sun raɗa masa Gagara-wuta, ana ba da labarin yadda ya fito daga cikin wuta da ƙafarsa ko gashin gemunsa bai babbake ba. Kwana uku Gwadabe na zuwa yana zama a zaure kafin a shigar da shi. Ya sami falo cike da mutane. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, wani ya raɗa wa Alhaji ko shi wane ne.

Alhaji ya ce, "Af, kai ne mai gadin? Sannu, sannu. Ya hannun? Kada ka sa komi a ranka, dattijo. Ni dai na yahe maka, duniya da lahira."

Falo ya ɗauka, "Allah ya ƙara haƙuri, ranka ya daɗe."

Gwadabe ya ɗaga hannayensa biyu ya ce, "Alhaji, da waɗannan na ciro ka. Ni da kai mun san ba saniya a hilin nan."

Alhaji ya dube shi, ya dubi mutane, sa'an nan ya ce, "Ni idona na sama lokacin, ban ga ƙasa ba. Abin da masana suka rubuta shi na sani." Ya juya ga wani ya ce a kawo wa bawan Allah riga, ciwo ne ke sa shi magana. Aka kawo sabuwar riga a naɗe aka ɗora masa a cinya. Gwadabe ya miƙe, rigar ta zame ta faɗi a kan darduma, ya tsallake ta ya fita.

Bayan kwana kamar goma, da hantsi, Asabe ta yi sallama a gidan. Tun rasuwar mijinta ba ta tako ba, ko asibiti ba ta leƙa ba. Ta rame, baƙin ɗankwali a kanta. Sabuwa ta shimfiɗa mata tabarma ba tare da ta dube ta ba. Asabe ta durƙusa ta gaida Gwadabe, idonta ya sauka a kan hannayensa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ta ce, "Baba, gida za mu koma jibi. Na ce ba zan tafi ban ji daga bakinka ba."

Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Ya faɗa mata Bulus ya ƙi sau biyu, a na uku ya hau. Ya faɗa mata abin da ya ce a cikin wuta, da inda ya cika. Tana ji hawaye na zuba, ba ta share ba.

Da ya gama ta ce, "Tun ranar da aka ce saniya na san ƙarya ne. Bulus ya sha cewa filinka ya fi tsakar gidanmu tsabta. Shi ya sa na kasa zuwa, Baba, kunyarka nake ji."

Sabuwa ta ce, "To tunda kin sani, ki tashi ku tahi tare ki hwaɗa. Ke za a ji maganarki, mijinki ne ya mutu."

Asabe ta sunkuyar da kai. "Mama, an kira ni ofis an yi min bayani. In na tayar da maganar, shi za a ɗora wa. Yarana sun san babansu ya mutu yana ƙoƙarin ceton mutane. Da wannan labarin zan rene su, ba ni da wani abu." Ta juyo ga Gwadabe, ta haɗa hannu biyu. "Baba, ka bar shi haka. Don Allah ka bar shi haka, ka yafe min."

Lokacin da Gwadabe ya ji maganar nan daga manaja bai ji zafinta haka ba. Yana son ya ce mata shi ma yana da 'ya'ya, su ma suna fita unguwa, su ma suna da uban da za a tambaye su. Bai faɗa ba. Ya ce, "Allah ya kai ku lahiya. Ki gaida yaran."

Asabe ta miƙe ta fita. Sabuwa ba ta raka ta ko zaure ba.

Daga ranar bai sake zuwa ofishin kowa ba, bai kuma sake ba kowa labarin ba. Ba don ya huce ba ne. Mutumin da a da dakalinsa ke cika da 'yan hira ya koma ba ya son magana, abu kaɗan ya hau 'ya'yansa da faɗa. Makiyayan da ya sani suka daina bi ta wajen filin, domin an kama biyu daga cikinsu an wahalar da su a kan neman mai saniyar kafin a sake su, kuma sun ji an ce Gwadabe ne ya amsa. Wani tsoho cikinsu ya gamu da shi a kasuwa ya kau da kai. Wannan ya ci masa rai fiye da korar da aka yi masa.

Kamfanin ya sami kwangilar baɗi, ya kawo sabon jirgi da sabon matuƙi, aka kewaye filin da sabuwar waya. Bayan shekara biyu ya rufe ya bar gari, mutane suka sare wayar suka shuka gero a wurin. Sabuwa ce ta riƙe gidan da ƙosai da koko, babban ɗansu ya bar makaranta ya shiga koyon gyaran keke. Liman ne ya ga zaman ya yi wa Gwadabe yawa, ya roƙe shi ya riƙa kula da ruwan masallaci, ya karɓa don kawai ya sami inda zai je da safe.

Ya rasu cikin damina ta 1986, bayan tari na wata biyu wanda likita ya ce ba ya rasa nasaba da abin da ya shaƙa a gonar dawar nan. A lokacin soja sun daɗe da dawowa, Alhaji Dabo ya yi 'yan watanninsa a tsare ya fito ya koma kasuwancin hatsi, ya ma fi da ƙiba. Ranar sadakar uku sai ga motarsa a ƙofar gida. Ya zauna cikin maza aka yi addu'a, ya ce marigayi mutumin kirki ne, ya san shi, ajizanci kuwa na kowa ne. Ya sa aka sauke buhun shinkafa a zaure.

Da aka shiga aka faɗa wa Sabuwa, tana zaune cikin mata da carbi a hannu, ta kira babban ɗanta ta ce ya ɗauki buhun ya mayar cikin motar. Mata suka hau ba ta baki, suna cewa ba a mayar da sadakar mamaci, kuma gidan na bukata. Ta ce ta ji, a mayar. Ɗan ya saɓa buhun ya ratsa ta tsakiyar masu zaman makoki ya jefa shi a bayan mota. Alhaji ya yi kamar bai gani ba, ya shafa fatiha, ya sa takalmi ya shiga mota. A ranar ƙosan da ya kwana da kunun maƙwabta aka raba wa baƙi.